Alƙalancin da Na Yi wa Dodanni a Shagon Surukina

Karatuna na boko bai wuce aji biyu ba, na biyun ma rabinsa a kan tsamiyar bayan makaranta na yi shi. Don haka ranar da Mai Unguwa ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan La'asar ya ce ni zan yi alƙalanci, sai da na waiga in ga ko akwai wani a bayana.

Ga yadda abin yake. Mun baro ƙauyenmu na wajen Zurmi a shekarun da zama ya gagara, muka sauka Kaura. Ɗiyata ta fari tana auren wani mutumin Shinkafi, mai haƙuri kamar ba ya numfashi. Da hanyar Kasuwar Daji ta yi wuyar bi, sai ya sayar da babur ɗinsa ya buɗe shagon gem, wasan nan na talabijin: talabijin uku, benci biyu, sola a kan kwano. Da wannan shago yake ciyar da ita da 'ya'yansu huɗu, ni ma tuwona na rana daga can yake fitowa. Kwatsam sai ya kawo wani sabon wasa, wanda tun daga bakin titi ake jin kururuwar mace da gurnanin abin da ba mutum ba.

Wanda ya kai ƙara taubashina ne, tsohon hedimasta, ɗan gidan malamai, mai tabarau a kan hanci. Ya ce shaiɗanu ake nuna wa jama'a har da yara, a rufe shagon. Mai Unguwa ya ce ba ya hukunci kan abin da ba a gani ba, a samu dattijo ya je ya duba kafin Juma'a. Nan take taubashin nan nawa ya ce a tura ni.

“Ranka ya daɗe, wa ya kai wanga sanin ƙarya? Tun muna yara shi ka yi muna tatsuniya.”

Tarko ne, na gane. In na ce a rufe, na kashe tukunyar ɗiyata da bakina. In na ce a bari, ya ce son kai ne.

Da hantsin Laraba na isa shagon. Surukina na hango ni ya kori kowa, ya share benci da hularsa, ya durƙusa yana gaishe ni har sai da na gaji da amsawa. Kansa a ƙasa ya yi mini bayani. Wai wasan biyu ne. Na farko ya daɗe da fitowa: wani baƙo ya shiga garin da annoba ta mai da mutanensa dodanni, ya tarar da wata muguwar tsohuwa mai hannu ɗaya tana tsaron wani asibiti, ba ta buɗe wa kowa. Shi kuma wannan na biyu ne a fitowa, amma na farko ne a labari. Yana nuna tsohuwar tun tana budurwa, tana aikin nas, da hannuwanta biyu.

Na ce, “Wato an gama gaya muna ƙarshe, sannan a ce mu zo mu ji farko?”

Ya ce, “Haka ne, Baba.”

Ya kunna. Ya ƙi zama a benci tunda ina kai, ya tsugunna a ƙasa da abin latsawa a hannu. Ga yarinya cikin farin kaya tana bin wani dogon lungu da tocila. Sai na ga ƙofa tana motsi, na ce, “Kai, gaya mata kada ta shiga nan!”

Surukina ya ajiye abin latsawa, ya sunkuyar da kai. “To, Baba.”

Dodo ya fito ya cinye ta.

Aka sake daga farko. Na tambaye shi wane ne wancan mai gemu, ya sake ajiyewa ya sunkuya don ya ba ni amsa, dodo ya sake cinye ta. Ko tari na yi sai ya dubi ƙasa ya ce sannu. Kafin Azahar baiwar Allah nan ta mutu sau tara a lungu guda, kuma duk ladabin surukina ne ya kashe ta. Ni kuma bakina ba ya rufuwa, wannan ciwo da shi aka haife ni.

Na ga in aka ci gaba a haka Juma'a za ta zo ban ga komai ba sai cin nas. Na leƙa waje na hango tabarmar da yake shimfiɗa wa masu salla. Na ce ya ɗaure igiya daga ƙusar bango zuwa taga, muka rataya ta a tsakaninmu, ni a dama shi a hagu, talabijin a gabanmu duka. Na ce, “Daga yanzu babu surukinka a shagon ga. Wani tsohon banza ne ya shigo shan inuwa.”

Can na ji ya hau benci. Ba a jima ba na ji murya daga bayan tabarma, wadda ban taɓa sanin yana da ita ba: “Gudu mana, ke! Tsoho, ka ga abin da nike gaya maka?” Na danne dariya har hawaye. Shekara goma sha yana aure a gidana, ranar na fara jin ya yi magana kamar mai jini a jika.

Kwana biyu muka yi, daga hantsi zuwa La'asar, salla kaɗai ke tashe mu. Turancin shi yake juya mini ta saman tabarma.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa suka cika zauren Mai Unguwa. Surukina yana can waje a rana, ya kasa shigowa. Taubashina ya gyara tabarau ya ce, “To, babban alƙali mai aji biyu, an ce har fitsari ka yi don tsoro.”

Na ce, “Sau ɗaya ne, kuma kai na tuna.”

Da dariya ta lafa, na fara da aibu, don in cire masa makami. Na ce wanda ya tsara labarin nan bai taɓa gudun ceton rai ba. Ana bin yarinya a baya, sai ta ga takarda a kan tebur ta tsaya karatu. Mutum biyar suna tare, an ji motsi, sai babbansu ya ce a rarrabu kowa ya bi lungu guda. Na ce, “Jama'a, wa ya taɓa rarrabuwa da gangan?” Aka yi ta girgiza kai. Akwai kuma wani soja mai faɗin ƙirji, baki gare shi kamar na taubashina, tun fitowarsa na ce wannan ba zai kai Azahar ba, bai kuwa kai ba. Wannan ba mutum ba ne, an zana shi ne kawai don dodo ya samu kalaci. Sannan jakar yarinyar abu shida take ɗauka, sai ta zauna tana zaɓe a natse, wannan ya shiga wannan ya fita. Na ce ni ranar da muka gudo daga ƙauye, da na tsaya a bakin gulbi na duba hannuna, murfin tukunya na gani da takalmi ƙafa ɗaya, shi ma na matata.

Taubashina ya ce, “Alhamdu lillahi. Shi da kansa ya ce shirme ne. A rufe.”

Na ce, “Zauna, Malam, ba a tashi aji ba.”

Sai na ba su labarin nas ɗin. Na ce na shiga ina sane da cewa muguwa za ta zama, ina jiran in ga ranar da shaiɗan zai shige ta. Bai shige ta ba. Marasa lafiya ne cike da asibiti, dodanni suka taso, ga mutane a waje suna gudu suna zuwa, cikinsu har da ƙanenta. In ta jira su, na ciki sun hallaka. Ta jira, ta jira, har abin ya kama mata hannu, sannan ta ja ƙofar. Ta tsaya jikin ƙofa tana jin muryarsa yana kiran sunanta. Na ce tunda na ga wannan, na daina kiran tsohuwar can muguwa. Mace ce da ta rufe ƙofa sau ɗaya, ta kasa sake buɗewa. Sanin ƙarshen da na raina da farko, shi ya hana ni sakat: duk murmushin da ta yi sai in ji kamar in ce mata ta rage, na san inda za ta.

Rabin waɗanda ke zaune irina ne, daga Badarawa, daga ƙauyukan Zurmi, daga wajen Ɗan Isa.

Na ce saura mutum ɗaya. Akwai wani tsoho a cikin marasa lafiyar, ba ya faɗa, ba ya taimakon kowa, masu wasa ma haushinsa suke ji. Gidansa ya ƙone ƙurmus a gabansa, amma duk inda aka gudu sai ya laluba aljihu ya tabbata makullin gidan yana nan. Yarinyar ta ce ya yar, ya ce in an koma da me zai buɗe?

Na sa hannu a aljihu na fiddo nawa na ajiye a kan tabarma. Ƙofar da yake buɗewa an ce mini ko ƙyaurenta babu yanzu.

Ban ce kowa ya yi komai ba. Wani tsoho daga Badarawa ya kwance bakin zariyar wandonsa ya ajiye nasa. Wani ya ciro daga cikin hula. Kafin a jima makullai bakwai ne a gaban Mai Unguwa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, hukuncina ke nan. Dodannin ƙarya ne, sojan ƙarya ne, karatun takarda ƙarya ne. Amma wanda ya sa tsohon nan a labarin, ya zauna da wani irinmu ya saurare shi. Ba na yara ba ne, wannan kam Malam ya yi gaskiya. Shaiɗan dai ban gan shi ba.”

Mai Unguwa ya dubi makullan. Ya ce shago ya zauna. Wancan wasa sai manya, a rage ƙara, a kashe lokacin salla. Ya dubi taubashina ya ce ko yana da magana.

Taubashina ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Ƙanen nata, ya mutu ke nan?”

Na ce, “Aji biyu gare ni, Malam, ban iya bayani ba. Je ka gani.”

Da na fito, surukina ya zube a ƙasa zai fara godiya, na wuce shi da sauri kafin ya sa ni kuka a gaban mutane. Ranar tuwon da ɗiyata ta aiko har da kan kaza.

Asabar da hantsi na bi ta shagon, sai ga takalman taubashina a ƙofa. Na leƙa. Yana kan benci ya miƙa wuya yana tambaya, surukina na tsugune a ƙasa kansa a sunkuye yana cewa “To, Baba,” dodo kuma yana cin nas. Na tsaya na ƙirga har sau huɗu, don ban ga dalilin gaggawa ba. Sannan na shiga na kwance igiya, na ce, “Matsa, hedimasta. Bari jahili ya nuna maka inda ake rataya tabarma.”