Wuƙa a gidanmu, alanki a gidansu

Maigidana yana da wata wuƙa mai naɗewa da ya sayo lokacin da ma'aikatarsu ta tura shi kwas ƙasar waje. Da ita kaɗai yake fiɗar ragon layya, ni kuwa ko albasa ban isa in yanka da ita ba. Aibinta guda ne. Jini da kitse sukan shige gaɓar da take naɗewa su daskare, dole sai an kwance an wanke. Sukurun da ya riƙe gaɓar ba mai tsaga ɗaya ba ne da sukudireba filat ke kamawa, ba kuma mai giciye ba da ake ce wa sita. Kansa ɗan rami ne mai kusurwa shida, ba ya kwantuwa sai da alanki, wani lanƙwasasshen ƙarfe, shi ma sai wanda ya yi daidai da ramin.

Duk layinmu a Doka, cikin garin Kaduna, mutum ɗaya ke da irinsa: maƙwabcinmu, Kirista daga kudancin Kaduna, mai gyaran tafireta a ofisoshi. Washegarin Sallah maigida kan ɗauki cinyar rago da wuƙar ya shiga gidansa. Maƙwabci ya shimfiɗa hankici a baranda, ya kwance ta, ya goge, ya ɗiga man tafireta. Aikin da bai kai dahuwar shayi ba, sai su kai la'asar a kansa suna gardamar ƙwallo. Na sha ce wa maigida ya sayi nasa alankin mu huta. Amsarsa kullum ita ce, "In na saya, da wane dalili zan je in dame shi?"

A farkon shekarun casa'in aka yi rikici a gari. Bai shigo layinmu ba, amma bayan ya lafa maƙwabtanmu suka kwashe kaya suka koma ƙetaren kogi. Matar ta shigo ta yi min sallama tana hawaye. Mijin ya loda mota maigida yana ofis, kunya ta hana shi jira. Da maigida ya dawo ya ga ƙofarsu da kwaɗo, abin da ya ce kawai shi ne, "Har da mu yake tsoro?"

Sallah ta zo, aka yi fiɗa, wuƙa ta cije. Na ware cinyar na ƙunshe.

"Malam, gada ce kawai tsakaninku. Ka kai masa."

"Wanda ya tashi shi ke da zuwa."

Kwana biyu yana zaune a tsakar gida yana kallon ƙofa kamar mai jiran baƙo. A na uku ya ɗauko filat ɗin gyaran rediyo ya cusa a ramin. Ya zame. Ya sa sita, ya danna da duk ƙarfinsa, har da guduma. Ina ji ina gani kusurwoyin suka cinye, ramin ya zama zagaye. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don mutum ne mai haƙuri da komai, amma ranar girman kai ya ci shi.

Da yammacin ranar aka yi sallama. Maƙwabci ne, da alanki a aljihun riga.

"Malam, kwana biyu ina zuba ido. Na ce bari dai in zo da kaina."

Maigida ya miƙa masa wuƙar bai ɗaga kai ba. Maƙwabci ya sa alankin, ya juya, ya sake juyawa. Ƙarfen yana ta yawo a ramin, babu abin da zai kama.

"Wa ya taɓa wannan?"

Maƙwabci ya ninke hankicin da ya riga ya shimfiɗa, ya sha ruwa, ya ce yana so ya tsallaka gada kafin magariba. Na ba shi cinyar, ya yi godiya kamar baƙo.

Da Sallah ta zagayo na sake ware cinya, ta kwana ta wuni ba wanda ya ɗauka. A shekarar maigida ya sayo wuƙar mahauta a kasuwa, doguwa mai ƙotar itace. Ita da ruwa da sabulu ake wanke ta, ba ta buƙatar kowa.