Sallama a Bakin Kogo

Jiya na yi sallama a ƙofar ɗakin da babu kowa, 'yata ta yi mini dariya. Sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai. Shi ko kango zai shiga sai ya yi sallama, ya tsaya jiran amsa.

Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa muka taso daga Gwaram ni da shi, mu ga zanen shanun da mutanen zamanin da can suka bari a wani kogo a duwatsun Birnin Kudu. Rana ta take, kogon sai warin kashin jemage. Na hango jan zanen, na ɗaga ƙafa zan shiga, Baffa ya damƙe mini hannu.

"Salamu alaikum," ya ce da ƙarfi.

"Baffa, wa zai amsa? Masu wurin sun daɗe da mutuwa."

"Dakata dai."

Sai busassun ganye suka motsa. Wani baƙin kumurci ya sulalo daga inda zan taka, ya fasa kai dab da gwiwata. Baffa bai sake ni ba har macijin ya shige tsagar dutse.

"To, mai gida ya ba mu wuri," ya ce.

Yanzu in na je kabarinsa nakan yi sallama, in tsaya jira kamar yadda ya koya mini. Allah ya sa da sallama aka tarbe shi.