Kalaba Biyu a Goshin Kare

'Yata ta fari tana aiki a wani shagon gyaran gashi na mata a Jidda. Wata Alhamis ta shigo mana gida a unguwarmu ta Ka'akiyya riƙe da kwando, na ɗauka kyanwa ce. Ashe kare ne, ɗan mitsitsi, fari fat, gashinsa har ƙasa, ko idonsa ba a gani. Na uwar ɗakinta ne, ta yi tafiyar mako biyu ta bar mata amana. Yarinyar ta ce in wani abu ya same shi, to aikinta ya tafi.

Ban taɓa riƙon kare ba. Na ce ba zai zauna inda muke sallah ba, sai dai ɗakin ajiya na saman bene. Na kunna masa fanka, na ware masa kwanonsa. Da za ta koma aiki ta bar min takarda da manyan baƙaƙe, don ta san karatuna na yaƙi da jahilci ba ya sauri: abinci sau biyu, ruwa, a taje shi kullum.

Taza kuwa ai sana'ata ce, tun ina budurwa nake kitso. Sai na yi masa yadda nake yi wa kowane kai, na lafta masa man shanu don ya yi laushi. Kafin kwana uku ƙurar saman bene ta manne masa, gashin ya dunƙule, ya koma kamar tsohon tsumman goge ƙafa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce in sa almakashi kawai a huta. Na ce abin mutane ne, ba zan yanke ba.

Na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu har sau uku. Kullum bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, sai in hau da tsinken tsifa in riƙa warware shi sili-sili. Da farko yana gurnani, daga baya har barci yake yi a kan ƙafata. Kwana biyar muka yi a haka. Ran ƙarshe na ga gashin goshin yana tsokane masa ido, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na kitsa masa 'yan kalaba biyu.

Da 'yata ta zo ɗaukarsa ta tsaya cak.

"Inna, kitso kika yi masa?"

Mota na jiranta a ƙasa, babu lokacin tsifa. Haka ta tafi da shi.

Na wuni ban iya cin komai ba. Bayan la'asar 'yata ta kira ni, na ji dariya a muryarta tun kafin ta yi sallama.

"Inna, uwar ɗakina ta ce tun da ta saye shi ba ta taɓa ganin idonsa sosai ba sai yau. Wai in koya mata kitson."

Na ce alhamdulillahi, na ɗora shayi. Zancen man shanu kuwa, sai da aka yi wata guda na faɗa mata.