Garmar Okoro a Kan Teburina

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka ɗora mini garma a kan teburin ofis ba. Ku da kuka zo jiya-jiya, kuna ganin furfurata kuna cewa Malam Lawal bai taɓa kuskure ba, to ku gyara zama.

A lokacin ina mataki na takwas, ni ke riƙe da teburin takardar shaidar asali, wato takardar da ke nuna mutum ɗan ƙasar Zuru ne. Ga wanda bai san aikin ba, tsarin ba wuya. Mai nema zai karɓo wasiƙa daga mai unguwarsu, hakimi ya buga hatimi, ya haɗo da hoto biyu, ya cike fom. Ni kuma in duba, in komai ya cika in kai wa Darakta ya sa hannu. A fom ɗin akwai gurbin suna, sunan uba, ƙauye da ƙabila. Gurbin ƙarshen nan, in ka shekara kana karanta shi, ka san garin nan ciki da bai. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, su suka fi yawa. Ga Fakkawa, ga Dukkawa da Kambari, ga Fulanin da suka yi kaka da kakanni a rugagen gindin dutse, ga mu Hausawan cikin gari. Yarbawa da Ibo na kasuwa kuwa, su daga gida suke nemo tasu. Haka na tarar, haka nake yi.

Lokacin ɗaukar soja shi ne lokacin da ba mu da sukuni. Kun san mutanen Zuru da kaki, a gida ɗaya sai ka tarar kaka soja, uba soja, ɗa yana jiran layi. A shekarar da ta gabaci wannan, wata wasiƙar jabu ta wuce ta hannuna, aka ba ni takardar tuhuma, saura ƙiris a rage mini mataki. Wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wata Laraba da hantsi wani saurayi dogo ya miƙo mini fayil. Na buɗe, na ga an rubuta Yohanna Okoro. A gurbin ƙabila ya sa Lelna. Na ɗago na dube shi.

"Okoro? Lelna? Tun yaushe Dakarkari suka fara Okoro?"

"Yallaɓai, sunan babana ne. A nan aka haife ni, a nan aka binne shi."

"Haihuwa daban, asali daban. Ka tafi jiharku su ba ka."

Ya ce, "Yallaɓai, wace ce jiharmu?"

Na ɗauka rashin kunya ne. Ya yi mini bayani cewa ranar Litinin za a tantance su a Birnin Kebbi, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce na ɗauka. In bai samu takardar ba zuwa Juma'a, kaki ya wuce shi har abada. Na ji, amma ko a jikina. Wasiƙar mai unguwa tana nan, hatimin hakimi yana nan, hoto biyu suna nan. Duk da haka na tura fayil ɗin ƙarƙashin sauran, na ce na gaba ya matso. Yana fita na ji ya tsaya a baranda yana magana da wata tsohuwa da Dakarci, tiryan-tiryan, ba gargada. Ni da na haura arba'in a garin nan, ban wuce gaisuwa ba. Abin ya ɗan taɓa ni, amma na ce ai ko aku yana koyon magana.

Ranar Juma'a, wajen ƙarfe goma, mashin ya tsaya a ƙofar ofis. Yohanna ya sauko da wani tsoho, gajere, busasshe, yana saɓe da garma a kafaɗa. Tsohon bai bi layi ba, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Ya zo ya sauke garmar a kan fayilolina, ƙasa ta zubo.

"Baba, lafiya? Nan ofis ne."

"Na sani, ɗana. An ce takarda kake so. Ga ta nan."

Baba Ango ke nan, kakan Yohanna na wajen uwa. Na ba shi kujera ya ƙi. A tsaye ya ba ni labarin, Hausarsa a hankali, kalma bayan kalma.

Ya ce da aka gama yaƙin basasa, wani sojan ƙauyensu ya dawo daga gabas da yaro ɗan shekara biyar ko shida, wanda ya tsinta a bakin hanya ba uwa ba uba. Yaron bai san sunan garinsu ba, abin da ya riƙe kawai shi ne Okoro. Mutane suka ce a sauya masa suna, sojan ya ƙi, ya ce a bar shi ko wata rana danginsa za su zo nema. Ba wanda ya zo. Yaro ya girma, ya yi kokawa tare da sa'o'insa, da ya isa aure ya ga ɗiyar Baba Ango.

A nan sai in yi wa baƙinmu bayani. A al'adar Lelna, saurayi ba ya samun mata da baki. Golmo zai yi, wato ya yi wa surukinsa noma damina bakwai, shi da abokansa, tun daga sharar gona har kai dawa rumbu. Wanda ya gaza, ya rasa yarinya, ya kuma rasa bakin magana a cikin maza.

"Damina bakwai," in ji Baba Ango, yana dafa ƙotar garmar. "Da wagga garma. Bai taɓa fashi ba, ko shekarar da kunama ta harbe shi. Dubi inda hannunshi ya cinye icen. Ran da ya gama, tsofaffi suka zauna suka ce wanga namu ne. Ran da ya mutu, cikin kakanninmu muka sa shi. Yanzu kai ka ce ɗanshi ya tafi garinsu. To nuna mini hanyar, in raka shi."

Na duba ƙotar. Wallahi wurin riƙon ya lotsa, ya yi sumul. Na fara kame-kame, ina cewa doka ce, ba ni na yi ta ba. Sai ya ƙura mini ido.

"Kai ɗan gidan wa ne?"

"Jikan Mamman mai kanwa ne ni, na bakin kasuwa."

Fuskarsa ta washe. "Af, Mamman! Na san shi ina yaro. Da jakai uku ya zo daga Katsina, ubana ya ba shi wurin ɗaure su. Mutumin kirki, Allah ya jiƙan shi." Sannan ya ce, "A gonar wa ya yi golmo?"

Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi.

"Ban ce kai baƙo ne ba," ya ci gaba. "Kai namu ne, ba mu tambaye ku komai ba. Shi kuwa mun tambaya, ya biya da ƙashin bayanshi."

Ashe Darakta ya fito yana tsaye a bakin ƙofarsa. Ya ce in kawo fayil ɗin. Ya buɗe, ya bi shi shafi-shafi.

"Malam Lawal, wasiƙar mai unguwa jabu ce?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Hatimin hakimi fa?"

"Na gaske ne."

"To me ya rage?"

Daga ƙarshe na faɗi gaskiya, na ce, "Sunan ne, ranka ya daɗe."

Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaro biro ya sa hannu a tsaye, ya miƙo mini ya ce in buga hatimi in ba mai ita da hannuna. Na ba Yohanna, na ce ya yafe mini. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ba komai, yallaɓai." Baba Ango ya saɓa garmarsa, ya share ƙasar da ta zuba a teburin da tafin hannunsa, suka hau mashin.

Yohanna ya samu shiga. Bayan kamar shekara ya leƙo ofis cikin kaki, sunan Okoro a ƙirjinsa, ya ƙame ya sara mini a gaban jama'a. Kunya ta sa na rasa inda zan sa fuskata.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan Juma'ar, bayan an sauko daga masallaci. Na je gida na buɗe akwati na ciro tawa takardar shaidar, wadda na karɓa ina saurayi. Na tuna ranar. Da safe na kai fom, kafin azahar na karɓa. Ba wanda ya ɗago ya dube ni, ba wanda ya tambaye ni jakunan kakana, don sunana Lawal Mamman, ya yi daidai da kunnen mai teburin.

Don haka ku da za ku gaji kujerar nan, ku yi tsoron jabu, wannan wajibi ne. Amma ku karanta fayil har ƙarshe kafin ku yanke wa suna hukunci, in kun yi shakka ku je ƙauyen ku tambayi tsofaffi. Garin nan kowa da hanyar da ta kawo kakansa, wani da jaki, wani da shanu, wani a kafaɗar soja. Ni da na kori ɗan Okoro, har yau ban taɓa yi wa kowa kunya ɗaya ta noma a ƙasar Zuru ba.