Gas ɗin Rabi ya iso tukunyar Mma

"Wai man ya kusa ƙarewa, za su sallame ku?"

Da wannan tambayar Kawu ya tari ƙanwata Rabi jiya, ko jaka ba ta sauke ba. Walda take yi a jirgin haƙar mai cikin teku, wajen Takoradi, ta zo hutu gida a unguwarmu Alabar. Duk muka zuba mata ido, don maganar ta daɗe tana cin mu a rai.

Rabi ta yi dariya. "Kawu, ɗanyen mai ya ragu, gaskiya ne. Amma ana shirin haƙa sababbin rijiyoyi, gas kuma muna da shi da yawa paa. Ɓangarensa ma aka mayar da ni, aikina na nan daram."

Mma, mahaifiyarmu, wadda da sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta raine mu, ta ce, "To gas ɗin naku zai zo tukunyata, ko na manya ne kawai?"

Rabi ta leƙa waje ta yafito mai aboboyaa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Sai ga shi yana sauke tukunyar gas da babban murhu sabo fil!

Ei! Mma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka cika gidan. Yau da safe ta dafa waakye a kai, ta juyo tana dariya: "Ashe ana girki ba hayaƙi, ido bai yi hawaye ba?"

Ni dai yau na yarda ƙasarmu tana da arzikin gas. Ku fa, ya iso murhun gidanku?