Taɓaryar da Na Ƙwace wa Inna

Inna ta zo gidana a Birnin Gwari bisa bayan babur, daga ƙauyenmu na gefen Kutemeshi, shekarar da daji ya gagari kowa. Kayanta ƙullin zannuwa ne da taɓarya guda. Mai babur ya yi ta mita a kan taɓaryar, ita kuwa ta ce ko a tafi da su biyu ko a bar su biyu.

Babu wanda ya san shekarunta, har ita kanta. Abin da na sani shi ne, kafin 'yan bindiga su hana shiga daji, da ƙafarta take zuwa tsintar kaɗanya da roron ɗorawa, ta dawo ta yi surfe, ta cinye malmala biyu ta tuwo tana tsokanar matata da cewa cin 'yan birni cin kaza ne.

Ni na karya ta, kuma da sunan biyayya. Kwananta uku a gidan na ji dukan turmi da safe, na kuma ji maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana cewa, "Ikon Allah, uwar malamin makaranta guda ce ke surfe?" Kunya ta rufe ni. Na je na zare taɓaryar daga hannun Inna.

"Inna, kin yi naki. Yanzu hutu ne ya rage."

"Kai wannan," ta ce, don ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, "ba ni abata."

Ban ba ta ba. Na jefa ta bayan buhunan masara, na sayo kujerar roba, na hana ta ko ɗaukar tsintsiya. Ina ta jin daɗi wai ni ɗa nagari.

Da babu aiki sai yunwa ta ɗauke. Da ta daina cin kirki sai jiri, jirin ya sa ta tsoron miƙewa, zaman ya sagar da gwiwa. Na karɓo maganin gwiwa a kemis, ya ƙwaƙule mata ciki. Na karɓo na ciki. Kowane ciwo da ƙwayarsa, kamar mai sauya wa babur kayan gyara, kuma ban taɓa tambayar kaina inda zaren ya faro ba.

Sai da ta faɗi a bakin banɗaki muka kai ta asibiti a Kaduna. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta zazzage ledar magungunan a tebur, sannan ta ce, "Mama, me kike yi daga safe zuwa yamma?"

"Zama nake, 'yata. Ɗana ya hutar da ni."

Likitar ta dube ni. Ta ce jikin tsoho kamar saƙar tabarma yake, in ka zare kaba ɗaya sauran za su bi. Naman hannu da ƙafa in ba a more shi ba narkewa yake, ya ja ci da jini da ƙashi su tafi tare, kuma a shekarun Inna da wuya ya dawo duka.

Har yau ina tsine wa waɗanda suka raba ta da dajinta. Amma su gona suka ƙwace, sun bar mata hannayenta. Haushin kaina ya fi nasu ci mini rai, don ni maganar wata mai leƙen katanga na saya da ƙarfin uwata.

Da muka dawo gida na zaro taɓaryar, na kakkaɓe ta, na zuba dawa a turmi, na tallafo Inna. Ta kama da hannu biyu. Ta yunƙura sau ɗaya, ta sake yunƙurawa, taɓaryar ba ta bar cikin turmin ba.

Ta sake ta a hankali, ta goge tafinta a zane.

"Kai wa maƙwabciyarka," ta ce, "ita ce mai hannu. Ni mayar da ni kujerata."