Jegon da Ya Wuce Inna Kulu

A ƙauyenmu, nan gabas da Tsanyawa, in mace ta haihu ba a tambayar wa zai yi mata wankan jego. Inna Kulu ce. Kafin a gama guɗa ta shigo da damin ganyen darbejiya a ka, tana faɗan an bar murhu babu wuta. Hannunta da nauyi, bakinta ya fi hannun. Ni Aina'u haihuwata huɗu duk ita ta wanke ni, kuma duk huɗun sai da na rantse ba za ta sake taɓa ni ba. In ta tsoma ganye a ruwan zafi ta fyaɗa miki a baya kika zabura, sai ta ce, "Ranar da kike cin kazar amarci ai ba ki kira ni ba." Amma duk wadda ta yi arba'in a hannunta garau take fitowa.

Mutum ɗaya ce bakin nan ba ya aiki a kanta, wato 'yar farinta, Zakiyya. Inna Kulu mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Tun da aka yaye yarinyar aka kai ta Ɗambatta wurin goggonta, can ta girma, can ta yi makaranta, can aka ɗaura mata aure. Uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, "ta Ɗambatta" take cewa. In Zakiyya ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa, Inna sai ta amsa gaisuwar tana kallon bango. 'Ya'yan da suka biyo baya kuwa duk maza ne. Mutane suna yabonta da kunya, ni da nake shiga ɗakinta na san abin da ake yabon yana cin ta.

Ƙofa ɗaya al'ada ta bar mata: haihuwar fari, lokacin da yarinya ke komawa hannun uwarta wanka. Wata rana muna sussukar gero ta ce da ni, "In ta Ɗambatta ta haihu, ba mai taɓa tukunyar nan sai ni." Cikin bai zo da wuri ba. Da ya tashi zuwa, mijin Zakiyya, Abdulmumini, ya samu karatu a Masar ya tafi da ita, can kuma likita ya hana ta hawa jirgi ta dawo gida. Aka yanke shawara uwar ce za ta je.

Matar da ba ta taɓa wuce Kano ba, sai ga ta da fasfo da biza. Ta shanya ganye, ta daka yaji, ta surfe gero, ta zaɓi kanwa mai kyau ta ƙulle a zane. Ƙaninta, Malam Tahir, ya ce mata can fa a bene suke zaune, babu murhu. Ta ce ko a kan rufin benen ne za ta hura.

Shi Abdulmumini irin yaran nan ne da in sun hango surukarsu suke cire takalmi tun daga zaure. Da ya je yankar tikiti, ya yanki na zuwa kawai. A ganinsa, ka saya wa surukarka tikitin dawowa, ka gaya mata ranar da za ta bar maka gida ke nan. Mu ma da muka ji, albarka muka sa masa.

Aka haifi namiji. Ni da Malam Tahir muka raka Inna filin jirgi a Kano. A wurin awon kaya wata ma'aikaciya ta duba takardunta ta ce, "Hajiya, ina tikitin dawowa?"

"Ai ban je ba tukuna, 'yar nan."

Ma'aikaciyar ta yi mana bayani a natse. Bizar ta baƙo ce, baƙo kuwa sai ya nuna ranar da zai fita, in ba haka ba daga can za a juyo da shi, su ma ba za su ɗauke ta ba. Ta ce, "Da sauran lokaci. A kira wanda ya saya ya ƙara na dawowa yanzu. Rana kawai zai sa, ko daga baya ana iya canzawa."

Malam Tahir ya kira Abdulmumini. Inna ba ta magana da suruki baki da baki, don haka wayar ta tsaya a hannun Malam.

"Ya ce a tambaye ki ranar da kike so."

"A ce masa duk ranar da ya ga dama."

Malam ya faɗa, ya saurara, ya juyo. "Ya ce shi bai isa ya sa miki rana ba."

"Ni kuma a gidansa zan sauka. Mai gida ke da rana."

Na ja ta gefe na ce, "Inna, don Allah ki ce bayan arba'in, shi ke nan!"

Ta ce, "In na faɗi mai nisa, a ce na je na tare a gidan suruki. In na faɗi ta kusa, a ce na gaji da su tun ban je ba."

Na koma kan Malam na ce shi ya faɗa mana, ya ce shi ɗan aike ne. Wallahi ranar da ina da iko da na ƙwace wayar nan. Haka aka yi ta jefa maganar tsakaninsu kamar garwashi, kowa na hura hannu, layin matafiya yana raguwa a gabanmu. Da ƙyar Abdulmumini ya yarda zai zaɓa da kansa. Yana cikin cike bayanan tikitin ma'aikaciyar ta zo ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, an rufe karɓar fasinjoji.

Muka komo a motar Tsanyawa, ƙullin kanwar a cinyarta. Har muka iso ba ta yi wa kowa faɗa ba, wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Bizar dama gajeriya ce, kuma ta ci kwanaki ana jiran haihuwar. Kafin a samu wata kujerar ta ƙare. Aka sake nema, aka yi ta jira. Ranar da sabuwar bizar ta fito, Zakiyya ta riga ta yi arba'in. Matar wani ɗalibi 'yar garin Bagwai ce ta riƙa leƙa ta tana dama mata kunu. Abdulmumini ya aiko da haƙuri, ya ce wannan karon har na dawowa ya yanka. Inna ta ce a gode masa. "Me zan je yi yanzu? Gaisuwa?"

Har yau Zakiyya ba ta sake haihuwa ba. Bara suka zo ganin gida, yaron, Jamil, yana gudu ko'ina. Inna ta ɗauke shi ta yi ta juyi da shi tana cewa ga mijinta ya zo hannu rabbana. Zakiyya kuwa ta durƙusa a bakin ƙofa yadda ta saba, Inna ta amsa tana kallon bango. Na tsaya ina kallonsu, raina ya yi baƙi ƙirin.

Yanzu tsufa ya ci ƙarfin hannun Inna, ta daina wankan. Bayan tafiyarsu ta aiko aka kira ni, ta janyo ƙullin nan daga ƙarƙashin gado ta miƙo min, ta ce in ajiye wa 'yata Rukayya da ke da tsohon ciki. Na ce ta bari mana, ko Allah zai sake kawo wa Zakiyya rabo. Ta girgiza kai.

"Aina'u, rana ɗaya fa aka ce in faɗa," ta ce. "Matan garin nan kaf na san bayansu, har tabon da ke naki na sani. Bayan Zakiyya ne ban sani ba."